Ni Na Sayo Faifan Nan

Duk shekarar da kuka taru a gidan nan cin Kirsimeti, sai wani a cikinku ya tado da labarin faifan da yayarku Rifkatu ta kawo gida, wanda ya kusa raba ta da makaranta. Ku yi ta dariya, ita kuma ta yi murmushi ta ci gaba da yanka albasarta. Bara har na ji jikata tana gaya wa 'yar'uwarta wai Anti Rifkatu ce ta taɓa tsorata matan coci da ƙasusuwa. Nan na ce to, magana ta kai ga jikoki, in ban gyara ta da bakina ba haka za ta tafi. Babanku ya tafi wurin Ubangiji, ni ma gwiwoyina sun fara aiko mini da saƙo. Saboda haka ku buɗe kunne. Rifkatu ba ta kawo faifan kowa ba. Ni na sayo shi da hannuna a kasuwar Sabon Gari.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Daga gida sai coci, daga coci sai kasuwa, nan duniyata ta tsaya, kuma ba ta taɓa yi mini kaɗan ba. Karatuna bai wuce in bi waƙa da Hausa in kuma rubuta irin wannan da kuke gani ba. Turanci kuwa in ya wuce gaisuwa to ya wuce ni. Amma Allah ya yi ni da son jin yadda abu yake. Tun ina yarinya, tukunyar da aka ce kar a buɗe ita nake son leƙawa. Shi ya sa da Rifkatu ta samu shiga jami'a a Samaru aka ba ta karatun tono kayan mutanen dā daga ƙasa, ni kaɗai ce a gidan nan abin ya yi wa daɗi. Babanku, Malam Ishaya, kafinta ne kuma dattijon ikilisiya, shi malamar makaranta ya so ta zama. In mutane suka tambaye shi me 'yarsa take karantawa, sai ya ce tarihi, ya haɗiye sauran.

A shekarar tana aji biyu, ta dawo gida hutun Ista. Mu kuma a zumuntar mata muna da al'ada, ranar Talatar makon Ista a gidanmu ake taruwa a bita waƙoƙin da za a yi ranar Lahadi, saboda tsakar gidanmu na da faɗi kuma muna da talabijin. In an gama buga tulu da kacau-kacau an gaji, sai in fito da kunun zaƙi, mu shiga falo in sa mana faifan wahalar Ubangiji mu kalla mu sha kuka mu watse. To tsohon faifan ya ƙoje, kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, sojan nan ya ɗaga bulala ya ƙi saukewa har sai an kashe. Na ce bana ba za a yi mini wannan ba. Ranar Litinin da na je cefane na tsaya wurin wani mutum mai teburin faifai. Ni da ba na karanta Turanci, da hoto nake saye. Na ga wani mai hoton ƙofar kabari na dutse, da haske yana fitowa ta gefe. Na tambaye shi na Ista ne? Ya ce na Yesu ne, sabo fil, jiya ya iso. Na tabbata shi ma bai taɓa kallonsa ba. Na sa shi ƙarƙashin alayyafo na taho gida, ban nuna wa kowa ba, don ina so in ba mata mamaki.

Mamakin kuwa an sha shi.

Ranar Talata da la'asar, Allah ya sa akwai wuta, mata sun cika falo har bakin ƙofa. Na sa faifai. Aka fara kiɗa mai sanyi, aka nuna duwatsu da tsofaffin gine-gine, mata suka ce ai ga Urushalima. Muna ta jira mu ga Ubangiji a kan jaki, shiru. Sai wasu Turawa da tocila suna sunkuyawa suna shiga wani rami. Da aka nuna cikin ramin wata ta ce ga kabarin nan babu kowa, aka ɗauki Halleluya. Aka nuna wasu ƙananan akwatuna na dutse jere, muka ce Amin, ba mu san abin da muke wa Amin ba. Turancin nasu ta hanci yake fita, ko masu ɗan ji a cikinmu ba su kama komai ba. Sai na ƙwala wa Rifkatu kira daga madafa, na ce ta zo ta fassara mana.

Ta tsaya gefen talabijin tana goge hannu da zani. Ta saurara kaɗan, na ga fuskarta ta canza. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Mama, a kashe wannan."

"Ke dai faɗa mana abin da suke cewa."

"Mama, ba irin wanda kike tsammani ba ne."

"To wane iri ne? Faɗi mu ji mana."

Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko, don na farko rashin sani ne, wannan kuwa son ji ne. Rifkatu ba ta iya ƙarya ba, ta gaji Babanku. Ta juya ta gaya wa mata dalla-dalla. Ta ce mutanen nan sun ce an tono wani kabari a ƙasar Isra'ila, a cikinsa akwai akwatunan dutse irin waɗanda mutanen wancan zamani suke tara ƙasusuwan matattunsu a ciki. Ta ce a jikin ɗaya an kankara suna Yesu ɗan Yusufu, a jikin wani kuma Maryamu. Ta ce masu shirin suna ganin watakila kabarin gidan su Ubangiji ne, watakila kuma nasa ƙasusuwan sun taɓa zama a ciki.

Baturen cikin talabijin yana ta zuba. Daga nan kowa ta ɓalle da nata. Wata ta ce alamar ƙarshen zamani ce, dama an faɗa. Wata ta fara addu'a da ƙarfi tana tsawata wa talabijin. Maƙwabciyarmu Mama Chidi, wadda ba 'yar cocinmu ba ce amma ba ta wuce kunu, ta ruga gida ta ɗauko man shafewa ta ce sai ta zuba wa injin faifan, da kyar na riƙe hannunta, don Babanku bai daɗe da saye ba. Wata gwauruwa da ba ta cika shekara da binne mijinta ba, ita ta ja gyalenta ta rufe fuska. Goggo Tabita ce kaɗai, tsohuwar da ta girmi kowa a zumunta, ba ta motsa daga kan kujera ba. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce duk mai suna Maryamu ta tashi tsaye. Mata uku suka miƙe. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To wace ce a cikinku ta haifi Ubangiji? Ku zauna. Uku a falo ɗaya ke nan. Hannatu, ke uwar gida, ƙaro mini kunu."

Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ni kuma bari in gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban ji tsoro ba. Ban kuma ji bangaskiyata ta girgiza ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, yaya mutum zai shiga akwati ƙarami haka? Sai an jira naman ya tafi ke nan a dawo a kwashe? Wa yake komawa ya kwashe, ɗa ko mata? Da me aka kankara sunan? Mata suna kuka ni ina son a yi shiru in ji ƙarshen zancen.

Cikin wannan hayaniya Babanku ya shigo daga shago, da ƙurar katako a gashinsa. Mutum biyar suka ba shi labari a lokaci ɗaya. Ya kashe talabijin, ya cire faifan, ya juya shi gaba da baya. Sannan ya yi tambaya ɗaya, ya ce na wane ne. Wata daga can baya ta ce ai wannan sai masu tono. Duk ido ya koma kan Rifkatu. Rifkatu ta dube ni. Ni kuma na dubi kofin da ke hannuna. Wallahi bakina ya buɗe, amma na tuna ni ce mataimakiyar shugabar zumunta, matar dattijo, a ce ni na tara mata a makon Ista na nuna musu wannan. Na ce a raina bari mutane su watse tukuna in gyara. Mutane suka watse ban gyara ba. Gari ya waye ban gyara ba.

Ranar Laraba da safe Babanku ya yanke hukunci. Bai ɗaga murya ba, kun san shi. Ya ce Rifkatu ta gama karatun tono. Ya ce bayan Ista za a je Samaru a kwaso kayanta, zai nema mata kwalejin malamai, in ba a samu ba ta zauna gida har a samu. Ya ce ba zai ciyar da 'yarsa ta koyi sana'ar masu buɗe kaburbura su zo su ce wa mutane Ubangijinsu yana cikin akwati ba. Rifkatu ta ce to, Baba. Ko sunana ba ta ambata ba. Na bi ta madafa na ce ta ba ni kwana biyu zan san yadda zan yi, ta ce ba komai Mama, ta ci gaba da wanke tukunya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Haka muka yi Istar nan. Fasto ya ji labari, ya taɓo zancen a wa'azin Lahadi ba tare da kiran suna ba. Ya ce duk 'yan shekaru sai an fito da irin wannan, kuma masana da yawa, har waɗanda ba masu bi ba, ba su yarda da maganar ba, kada kowa ya hana kansa barci. Amma mutane abin da suka riga suka ji a falo ya fi zama musu. Ranar Litinin da muka fita Galili, wato fitar da ikilisiya take yi bayan gari washegarin Ista, kowa da kular abincinsa a gindin dutse, na lura mata suna janye 'ya'yansu daga tabarmar da Rifkatu ta zauna, ita da take koya musu waƙa a makarantar Lahadi tun tana sakandare. Na ga wannan da idona.

Ranar Alhamis Babanku ya ce aiki ya riƙe shi, ni zan raka ta Samaru mu kwaso kaya. Rabona da Samaru tun ranar da muka kai ta. Muka shiga bas, muka wuce Hanwa muka isa. A ɗakin kwanansu muka naɗe katifa, muka zuba littattafai a jaka, muka ɗaure bokiti da risho. Da muka gama ta ce za ta je ta mayar wa malamarsu wani mabuɗi, in jira ta. Sai halina ya motsa. Na ce tunda dai an zo kuma ba za a sake dawowa ba, ta kai ni in ga abin da suke tonowa ɗin.

Na yi zaton zan ga kawunan mutane jere. Ɗaki ne dogo mai warin ƙasa, da tebura, a kansu ba komai sai fasassun tukwane. Tsingaro, irin wanda nake sharewa in zubar a bola, an wanke shi an shanya, kowanne da 'yar lamba a jikinsa. Malamar tana can ƙarshen ɗaki, wata siririyar Hajiya mai tabarau, ana ce mata Dakta Bilkisu. Ta gaishe ni da ladabi ta ba ni kujera. Ni ban zauna ba, don idona ya faɗa kan wani gindin tukunya mai huji-huji, an haɗa ɓarinsa uku da gam, an ajiye takarda a gefensa. Na tambayi Rifkatu me aka rubuta. Ta ce ɗalibin da ya samo shi yana ganin kaskon turare ne na masu tsafin dā.

Dariya ta kuɓuce mini. Na ce wane irin tsafi, wannan ai madambaci ne, tukunyar da ake turara dambu. Dakta Bilkisu ta taso ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce yaya aka yi na sani. Na ce ta duba cikinsa, in da an taɓa zuba garwashi ai da ya yi baƙi, wannan kuwa fes yake. Na juya shi na ce ta duba gindin ma, babu baƙin wuta, don madambaci ba ya hawa murhu, a bakin wata tukunyar yake zama tururi ya riƙa hawa ta hujin. Na nuna mata wani zobe da ya zagaye shi inda ya goge, na ce nan ne yake zama a bakin ta ƙasa, nan ake liƙewa da garin kuka da tsumma don kada tururi ya tsere. Kakata da irinsa ta ciyar da mu. Matar nan ta yi ta juya abin a hannunta kamar na ba ta zinariya. Ta ɗauki biro ta ja layi a kan abin da yaron ya rubuta, ta yi nata a ƙasa. Na ce Rifkatu ta karanta mini. Wai ta rubuta, watakila madambaci ne.

Raina ya ɗan sosu. Na ce Hajiya, wane watakila kuma bayan na gaya miki?

"Mama, kin ga kakarki tana dambu a cikin irinsa. Ba ki ga mai wannan tana yi ba. Ni ma ban gani ba. Abin da muka gani shi ne huji, da rashin baƙi, da wannan zoben. Saura tunaninmu ne, ko da tunanin mai kyau ne."

Ta fi ni gaskiya. Sai na ga dama ta samu, na zauna a kujerar na juye mata duk tambayoyin da na ƙunsa tun ranar Talata. Ashe ta san zancen faifan, ta ce ya zagaya har cikin ɗalibansu. Ta ba ni amsar yadda ake komawa bayan lokaci a tara ƙasusuwa a akwati, ta ce wannan kam an sani, an samu irinsu da yawa. Ta ce sunayen ma ana iya karantawa, ko da yake wasu sai an yi gardama a kansu, kuma sunaye ne da suka cika gari a wancan zamani. Amma daga suna a tsallaka a ce ga mutumin, ta ce wannan tsalle ne mai nisa, ɗalibinta in ya yi shi ba zai ci jarrabawarta ba. Na ce to ita za ta iya tono abin da zai nuna Ubangiji ya tashi? Ta ce a'a, cebur ɗinta bai kai nan ba, kamar yadda na waɗancan bai kai inda suka ce ya kai ba. Sannan ta cire tabarau ta yi murmushi ta ce ko a nata addinin Annabi Isa ba shi da ƙashi a ƙasa, don haka ranar da ta kalli faifan ita ma sai da ta yi tsaki, sai dai tsakin gida daban, na aiki daban, kuma na aikin ya fi ƙarfi.

Rifkatu ta miƙa mata mabuɗi ta ce ba za ta dawo ba. Matar ba ta tambayi dalili ba, ta dube ni kawai. Ta ce a ajin nan kaf Rifkatu ce ba ta taɓa rubuta abin da ba ta gani ba don ta burge malami, kuma irinsu ne ake nema a aikin, don in suka bar shi sai ya rage wa masu tsalle.

Muka koma ɗakin kwana. Na dubi kayan da muka ɗaure. Na ce Rifkatu ta kwance katifarta. Ta ce Mama, Baba fa? Na ce Baba nawa ne, ni na san inda na ajiye shi. Ƙarya nake yi. Shekara kusan talatin ban taɓa tsallake maganar Babanku ba. Na shiga bas ni kaɗai, hannu rabbana, na dawo Sabon Gari.

Ban je gida ba, shago na wuce. Na same shi yana goge wani benci, rana ta karkata. Ya dubi bayana bai ga kowa ba, ya dubi hannuna bai ga kaya ba. Kafin ya tambaya na zauna a kan tarin katako na gaya masa komai, tun daga teburin mai faifai har alayyafon da na rufe shi da shi, har shirun da na yi a falo. Na ce in akwai wanda za a cire daga wani wuri ni ce, ba yarinyar da na ce ta fassara ta fassara ba. Na ba shi labarin madambaci da watakilan Hajiya. Na ce karatun nan da yake tsoro, shi ne yake koya wa yara kada su yi abin da masu faifan suka yi.

Ya ci gaba da goge bencin. Ku ƙanana ba ku san yayanku Dauda ba, ɗanmu na fari, wanda har yau ake kirana da sunansa. Yana da shekara shida zazzaɓi ya ɗauke shi. Babanku da hannunsa ya yi masa akwati, bai bar kowa ya taya shi ba, kuma tun ranar bai sake kiran sunan yaron ba sai a cikin nawa. Ya ajiye abin gugar ya zauna a kan bencin.

"Maman Dauda, tun ranar Talata ba na iya addu'a. In na rufe ido akwatin nan nake gani. In Ubangiji bai tashi ba, yaron nan fa?"

Na tuna masa amsar da shi da kansa ya sha ba mutane a gidan makoki. Na ce masa ni dai abin da na gano yau shi ne ba wanda ya tono komai da ya taɓa wannan, ko ta nan ko ta can. Inda muka tsaya ranar Litinin kafin in je kasuwa, nan muke tsaye har yanzu, da bangaskiya muka riƙe shi dā, da ita za mu ci gaba da riƙewa. Na ce cire Rifkatu daga makaranta ba zai ƙara wa Dauda komai ba. Ya share fuskarsa da hula. Bai ce ta zauna ba, bai ce a koma a ɗauko ta ba. Abin da ya ce kawai shi ne zancen wanda ya sayo faifai ya tsaya a shagon nan, kada in kai shi zumunta, mutane sun riga sun huce, tado shi zai jawo wa gidan sabon surutu.

Na yarda da sauri, kuma saurin nan shi nake jin kunya har yau. Na ce biyayya nake yi wa maigida, alhali rufin da ya ba ni daidai jikina ne. Ni na ci gaba da zama a gaba a zumunta, har na zama shugaba. Rifkatu kuwa ba a sake ba ta ajin yara ba. Ba wanda ya kore ta, an dai ce an samu wata. Shekaru mata suna ce mata mai tono a bayan idonta, wasu a gabanta, da wasa wai. Sannu a hankali ta koma yin sujada a Samaru, cocin da aka yi mata baftisma ya zama sai Kirsimeti take taka shi. Karatun na tsaya mata a kai, sunanta kuwa na bari ya ɓaci don nawa ya tsira. Rifkatu, na san za ki ce ba komai Mama. Da komai. Ki yafe mini a gaban ƙannenki, tunda a gabansu aka yi ta dariyar.

Wata biyu ba ta zo gida ba, shi ma bai tambaya ba, sai dai na lura duk ranar Asabar yakan daɗe a ƙofar gida yana kallon masu saukowa daga bas. Ranar da ta zo, da ƙafafunta duk jar ƙasa don daga wurin aiki suka taho, ta same shi a tsakar gida yana cin tuwo. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Ni ina bakin madafa riƙe da ludayi. Ya kai loma biyu, sannan ya yi magana, idonsa a kan kwano.

"In kuna tono kuka tarar da mutum, kuna mayar da shi?"

"Wani lokaci, Baba. Ba kullum ba."

Ya gyaɗa kai. Ya tura mata kwanon miya gabanta.

"To ke ki riƙa mayarwa. Akwai mai jiransa. Wanke hannu ki zo mu ci."